Maganin Mai Takaba

Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min magana. Suna kuwa na kowa ba zai shiga ba, har na garinmu. Ya isa a san muna ƙasar Bukkuyum, ba nisa da Adabka, inda in damina ta kankama babur kaɗai ke iya fita da mutum. In kin gama ki karanta min tun daga farko, don ni ban san baƙi ba, kuma na daina yarda da abin da aka rubuta ban ji da kunnena ba.

Ɗana na fari ne ya rasu. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. Sunan dai ban taɓa kira ba, amma kukan na yi shi, a tsakar gida na yi shi, mata suna jan zanena suna cewa in ji kunya. Ban ji ba. Mahaifinsa ya riga shi da daɗewa, shi kaɗai ne namijin da ya rage min. Har yanzu in na ga gatarinsa a bayan rumbu sai na zauna.

Aikin zinariya yake yi a ƙasar Anka, wajen Duza, inda ake niƙa dutse ana wankewa. Yakan yi watanni can, ya dawo da atamfa da sabulu. Dawowarsa ta ƙarshe ya zo a rame, tari ba ya barinsa, cikinsa ba ya riƙe abinci. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya kaɗa kai ya ce, "Dalma ce." Kowa ya ji yadda gubar dalma ta yi wa mutanen can ɓarna, shi ya sa ba wanda ya nemi wani dalili. Ni ma haka na ɗauka, sai da muka kai shi asibitin Gummi.

A can wata malamar asibiti, doguwa mai sanyin magana, ta ja ni da matarsa ɗaki ta rufe ƙofa. Ɗana ne ya ce a gaya mana. Kanjamau ce, kuma an makara. Ta roƙi surukata ta yarda a ɗebi jininta. Aka samu tana da ƙwayar. 'Yarsu ƙarama Allah ya tsare ta. Malamar ta ce wa surukata, "Ke ba ki makara ba. In kina sha kullum ba fashi, za ki aurar da wagga ɗiya da hannunki. Amma in kika riƙa tsallakewa, maganin zai daina jin ki." Ta ba ta wata farar robar magani mai murfi. Ta kuma gaya mana ba a ɗauka ta kwano ko moda ko gaisawa. Muka dawo gida mu uku da wannan magana a ciki. Bayan 'yan makonni muka zama mu biyu. Gari ya ce dalma ta kashe shi, mu kuma muka bar gari da dalma.

Surukata ƙosai take soyawa a cikin gida, ana shigowa ana saye. Da shi muke cefane. In aka ji abin da ke jininta, ba mai sake miƙo kwano, kuma 'yarta za ta tashi da wannan suna a ka. Abin da nake gadi ke nan.

Ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Mai takaba a garinmu ko bakin zaure ba ta leƙawa. Tana cikin tsohon zane, ba kwalli ba turare, 'yar wuƙarta a gefen tabarma. Robar maganin tana cikin kwallar da ke ƙasan jerenta. Ni ba na iya karanta abin da ke jikin robar, girgiza ta nake yi a kunne. Da fari sautinta a cushe yake. Daga baya ta fara kacau-kacau kamar caki. Ko ba a faɗa min ba, na san maganin zai ƙare tun takaba ba ta ƙare ba.

Ana cikin haka, bayan an yi sadakar arba'in, mai unguwa ya aiko a kira ni. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya.

"Inna, an sa ki cikin kwamiti," in ji shi.

"Kwamitin mi?"

"Na wanga ciwo na zamani. Wata ƙungiya ce ta kawo tallafi, sun ce ba za su kashe kuɗin ba sai mutanen gari sun zauna sun faɗi yadda suke so a yi. Aikin taimako ne, ba albashi."

Na ce, "Garin ga duk babu mai karatu ne, sai ni da gawa ta fita gidana jiya-jiya?"

Ya ce, "Ke ce ungozoma. Wane gida ne ba ki shiga?"

Gaskiya ne, rabin samarin garin ni na yanke musu cibiya. Amma akwai wata ungozomar da ta fi ni ƙuruciya, har horo an kai ta Bukkuyum. Me ya sa ba ita ba? Na tsura masa ido in ga ko zai kau da kai. Akuyarsa kawai yake kallo. Na ce wa ya ba da sunana. Ya ce a takarda ya gani. Na dawo gida ina juya abin. In na ƙi, za a ce me take gudu. In na je, ina cikin tarkon wanda ya sa ni. Na zaɓi in je, don in ga fuskokin da idona.

A ajin makarantar firamare muke zama, bisa bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Ba mu kai goma ba, amma huɗu ne suka shafi labarina. Akwai shugaba, tsohon hedimasta, mai son a ce masa ranka ya daɗe. Akwai malami, ƙanen liman, mai makarantar allo a unguwarmu. Akwai mai kemis na bakin kasuwa. Sai maƙwabciyata mai daddawa, sa'ata ce, tare aka kawo mu garin muna amare, kuma tun lokacin bakinta bai taɓa hutawa ba. Katanga ɗaya ta raba mu, katangar kuma ta zube a gefe. Da na gan ta sai na ce a raina, to, an gama da ni.

Da na ɗaga kai gaba, sai ga malamar asibitin Gummi zaune kusa da baƙon ƙungiya. Ta gaishe ni kamar yadda ta gaishe da kowa, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Baƙon yaro ne mai ladabi, Hausarsa ta Kano. Ya yi bayani mai tsawo: akwai masu ɗauke da ƙwayar a yankinmu, suna wahalar zuwa Gummi karɓar magani saboda hanya da tsoron 'yan bindiga, wasu har sun daina. Mu za mu tsara yadda magani zai riƙa isa gare su, da inda kuɗin zai tafi. Sai ya ƙara wata magana, yana murmushi, a ganinsa abin alfahari ne. Ya ce ƙa'idarsu ita ce ba a yi wa mutum tsari ba ya nan, don haka a kowane kwamiti suna tabbatar da akwai mai ɗauke da ƙwayar a ciki. Namu ma akwai. Ba za a faɗi ko wane ne ba.

Na ga malamar ta runtse ido. Kowa ya sunkuyar da kai, amma ido yana yawo ta ƙasa. Mai kemis ya ɗan matsa daga kusa da malam. Hedimasta yana jin tari ya haɗiye shi da ƙarfi har idonsa ya yi ja.

Da azahar aka kawo shinkafa a manyan farantai, na maza daban na mata daban, da bokitin ruwa da moda ɗaya. A garinmu ba a taɓa ajiye shinkafar Gummi da nama ta huce ba. Ranar ta huce.

"Azumi nike," in ji mai kemis.

"Ran Talata?" in ji mai daddawa.

"Ramuwa ce."

"To ni ma ramuwa nike. Ashe duk garin ga ba wanda ya yi azumin bana."

Aka yi dariyar dole. Ni na san ba a ɗauka ta faranti, amma ban sa hannu ba, don kada a ce me ya sa ita ba ta tsoro. Abin da ke cin raina daban ne. Ni ba ni da ƙwayar, an gwada ni tare da su. To ko ni ce ake nufi, an sa ni a madadin gidana? Ko kuwa da gaske akwai wani? Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta ya rame bana. Mai kemis matarsa ta fari ta rasu ba a san ciwon ba. Malam yakan yi tafiya Gummi kowane wata, wai ziyarar ɗalibai. Mai daddawa mijinta direban babbar mota ne kafin ya rasu. Kafin la'asar na gama ɗora wa kowa ciwon, na san su ma sun gama ɗora min.

Ran kasuwar Gummi na hau babur, na ce zan sayo busasshen kifi. Na sayi kifin don a gani, sannan na zaga asibiti ta baya. Da na samu malamar ita kaɗai ban tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ɗiyata, ke kika sa ni?"

"Wallahi Inna ba ni ba ce. A takarda na ga sunanki."

"Kowa a takarda ya gani. Takardar ita ta rubuta kanta?"

Na ce to wancan da yaron ya ce yana cikinmu, ni ce? Ta ce ba ni ba ce, kuma ko na kwana ina tambaya ba za ta faɗi ko wane ne ba, kamar yadda ba za ta faɗa masa nawa ba. Wannan ya ɗan kwantar min da rai, amma bai kwantar duka ba, don mai iya riƙe fuska haka zai iya riƙe komai.

Na gaya mata robar ta kusa ƙarewa. Ta ba ni na ɗan lokaci, ta ce iyakar abin da take da iko ke nan. Lokacin ɗibar jinin surukata ya yi, kuma a tsarin da suke kai ba ta da hurumin ta yi ta miƙa wa wani maganin wani, ba ta kuma da kuɗin hawa zuwa ƙauye. Ko surukata ta zo, ko kwamiti ya sa a cikin tsari cewa wadda ba ta iya fita a karɓar mata, a kuma bi ta gida.

"Ki tada maganar a zama, Inna. In ta shiga tsari, hannuna ya saku."

"In tada maganar mai takaba? Gida nawa ake takaba a garinmu?"

Ita ma ta san amsar. Gidana ne kaɗai.

Na gwada wata hanya. Na tsaya wurin malam a hanyar rijiya, na ce wata ce daga Adabka ta aiko in tambaya, ko mai takaba tana iya fita neman magani. Ya ce shari'a ba ta hana ba, in da lalura ta fita da rana ta dawo ta kwana ɗakinta. Ya dube ni ya ɗan jima, sannan ya ce, "Allah ya ba ta lafiya, ita ta Adabka." Na tafi ina jin idonsa a bayana. Na kai wa surukata maganar. Ta ce, "Inna, shari'a ta yarda, amma matan unguwa fa? In suka gan ni bisa babur cikin zanen takaba, ina tafiya da ƙafata ina soya ƙosai lafiya lau, mi zan ce ya kai ni asibiti? Gara in jira." Na ce malama ta ce ba a jira. Ta juya fuska bango.

Zaman kwamiti ya ci gaba, mako-mako. Sai da na zauna a ciki na ga yadda kowa ke jan bargon zuwa gefensa. Mai kemis yana so a ajiye maganin a shagonsa, a biya shi kuɗin ajiya. Wani yana so a ɗinka mana riguna. Malam yana so a sayi lasifika don wa'azi. Hedimasta kuwa babur yake so, sabo, a yi masa fenti, a ɗaura akwati a baya da tambarin ƙungiya, a riƙa kai wa kowa magani har ƙofar gida. Wa zai tuƙa? Ɗan ƙanensa, mana. Baƙon ƙungiya ya ji daɗin maganar babur ƙwarai, ya ce a wasu wurare an yi haka an ga amfani.

A garinmu ko mai sayar da gishiri ya tsaya ƙofar gida, kafin ya kashe babur mata uku sun leƙo ta katanga. Baƙo in ya sauka, sai maƙwabta sun shigo yi maka barka da baƙo, su tambayi daga ina, su tambayi lafiya. Na hango babur mai fenti a ƙofar gidana, da kaskon ƙosai a ciki. Kowa a ajin ya san haka, amma ba wanda ya ce uffan, don duk wanda ya ƙi babur za a ce tsoron kada ya tsaya ƙofarsa yake yi. Haka muka yi ta zama, kowa yana gyaɗa kai ga abin da bai yarda da shi ba.

Mai daddawa kuwa ta ƙara yawan shigowa gidana. Yau aron rariya, gobe ɗiban wuta. Ta zauna ta yi ta kallon jeren surukata.

"Ɗiyar nan taki takaba ta karɓe ta, ta yi kyau," in ji ta. "Mi kike ba ta?"

"Tuwo."

"Tuwon gidanki ya fi na kowa albarka, ke nan."

Ban san ko wasa take ba ko awo. Da ta fita na mayar da robar cikin buhun gero.

Ranar da za a yanke magana, da safe na girgiza robar. Ko girgizawa ba ta buƙata, ana ganin gindinta. Surukata tana shara ba ta dube ni ba. Na ɗauki mayafi na fita.

Hedimasta ya miƙe ya karanto tsarin: babur, fenti, mai, riguna, lasifika in kuɗi ya ragu. Ya ce mai magana ya yi. Na ji muryata ta fita kafin in gama shawara.

"Ranka ya daɗe, wadda ba ta iya fita fa, kuma ba ta son babur ƙofarta? Mai jego, ko matar kulle, ko mai takaba. A ba tsofaffin mata kuɗin hawa su karɓo musu, mu da muke shiga ko'ina ba a tambayarmu. Malama kuma in za ta zo ɗibar jini, ta shiga duk gidan da ake jego ko takaba ko jinya, ta auna kowa, don kada a gane wanda ta zo dominsa."

Na sa takaba a ƙarshe, na kuma faɗe ta a hankali, amma ita kaɗai aka ji. Mai daddawa ta juyo gaba ɗaya.

"Takaba? Ke tsohuwa, wa ke takaba garin ga in ba ɗiyar gidanki ba?"

Ban sani ba ko da mugunta ta faɗa, ko bakinta ne ya riga ta kamar kullum. Na ga mai kemis ya ɗaga gira. Na ga maganar dalma tana warwarewa a idonsu, zare-zare. In na bari suka kai ƙarshenta, kafin magariba ta zaga gari.

Na ce, "Ku bar min yarinya ta ji da abin da ya dame ta. Ni na fi shekarun wasunku ina karɓar haihuwa, hannu ba safa, jini har gwiwar hannu. Na tsufa, hanyar Gummi ta fara fi na ƙarfi, wata rana ni ma sai an karɓo min abin da nike zuwa karɓa. Tun ranar fari kuke neman mutum ɗaya cikinmu, kun hana kanku cin shinkafa. Ku huta da nema haka nan."

Ban yi ƙarya ba, ki duba abin da kika rubuta. Ban ce ina da shi ba. Amma na san abin da za su ji, kuma shi suka ji. Mai daddawa ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu." Malamar asibiti ta buɗe baki, na harare ta, ta rufe.

Bokitin ruwan nan yana gefe da modarsa ɗaya. Na tashi na ɗebi ruwa da modar na sha, na ajiye ta a bakin bokiti. Duk ajin modar yake kallo. Sai malam ya taso, ya ɗauke ta, ya ɗebi ruwa ya yi bisimilla ya shanye. Ya koma mazauninsa.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni mamaki. Hedimasta, wanda ya yi makonni yana kare baburinsa, ya ce a soke babur. Ko gardama bai yi ba. Mai kemis ya ce shi dama bai taɓa son babur ba. Malam ya ce ya yafe lasifika, muryarsa ta isa. Aka rubuta tsarin tsofaffin mata da zagayen malama, aka karanta min har sau biyu don na ce ban yarda ba. Baƙon ƙungiya ya ce wannan shi ne amfanin a sa mai abu a cikin shawara, yana kallona da tausayi. Na bar shi.

A makon nan na je Gummi, ta ƙofar gaba. Na zauna a layin da kowa ya san na mene ne, na karɓo roba cike. Wani ɗan garinmu mai sayar da albasa ya gan ni, na gaishe shi da kyau don ya tabbatar ni ce. Bayan kwanaki malama ta zo, ta shiga gidajen masu jego, ta shiga wurin wani tsoho mai hawan jini, ta shigo namu. Ta auna ni a tsakar gida mata suna leƙe, ta shiga ɗaki yi wa mai takaba gaisuwa, ta fito da 'yar kwalbar jini a jakarta. Surukata ba ta yi fashi ko na rana ɗaya ba.

Kiran haihuwa ya tsaya. Ba wanda ya zo ya ce min kada in zo, kawai sai in ji guɗa a unguwa, in ji an ce wance ta sauka. Yarinyar da ni na karɓi haihuwarta, na karɓi ta uwarta, ta haihu a bayan gidana, ɗaya ungozomar aka kira. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda na yi wa ɗana. A gidan suna akan zuba min nawa a kwano daban. Ƙosai ya ja baya na ɗan lokaci, sai na daina zama kusa da kasko, ciniki ya dawo. Mata suna ja wa surukata kunne ta raba moda da ni, suna yaba haƙurinta na zama da tsohuwa mai ciwo.

Ita abin ya fi ci. Ranar da ta fita takaba, ta yi wanka ta sa sabon zane, ta durƙusa gabana ta ce za ta je ta faɗi gaskiya, ba za ta iya ganin ana ware min kwano saboda ita ba. Na ce, "In kika buɗe baki, kin zubar da abin da na saya da tsada. Ni saura nawa? Ke kina da ɗiya. In mai neman aure ya zo, shi kam dole ya sani, ku je gaban malama tare. Sauran gari ba su da haƙƙi a kanki." Ta yi kuka, na yi. Da izninta nake faɗin wannan, sai da na tambaye ta.

Har yanzu ina cikin kwamiti. Yanzu ba robar gidana kaɗai nake karɓowa ba. Malama takan ba ni ƙulli a baƙar leda, wani in kai gidan da ta faɗa min, wani kuma ta ce in ajiye wurin wata tsohuwa a wani ƙauye, mai shi zai aika. Wannan ban san na wane ne ba, ban kuma kwance ba.

Amma in muka zauna a ajin nan ina kallonsu. Akwai wanda ya ji na ɗauki kayansa na ɗora a kai, ya yi shiru ya bar ni da su. Malam da ya sha ruwa a bayana, ilimi ne da tausayi, ko ya san ba abin da zai ɗauka wanda ba shi da shi? Hedimasta da ya saki babur da sauri haka, kunya ce ta kama shi, ko dama yana neman wanda zai cece shi daga baburin da zai tsaya ƙofarsa? Mai daddawa ita kaɗai ce a cikin mata ba ta raba kwano da ni ba, takan shigo ta sa hannu a tuwona tana zagin miyata. Wata rana na ce mata ba ta tsoro? Ta ce, "In miyarki ba ta kashe ni ba, mi zai kashe ni?" Ta kalli surukata, ta kalle ni, ta ci gaba da ci. Ban san abin da ta sani ba. Wanda ya ba da sunana ma har yau bai fito ba.

Ba na jin haushin mai ciwon da ke cikinmu, ko wane ne. In ya ga baƙar leda ta iso masa ba babur a ƙofa, ya yi wa ɗana addu'a. Jiya na girgiza robar surukata, a cushe take. To karanta min in ji, tun daga inda na ce ba suna.